Awakin Aro

A tsakar gidanmu akwai turke uku da suka daɗe babu abin da aka ɗaura musu. Da can awakin Inna ne a wurin, jajaye masu sheƙi kamar an shafe su da man gyaɗa. Ciwon Baba ne ya cinye su ɗaya bayan ɗaya a kan hanyar asibitin Daura, daga baya shi ma ya tafi. Inna ta hana a tumɓuke turakun, ko a ranar da itacen girki ya yanke mana. Ni da na fi kowa zirga-zirga a gidan, babu yatsan ƙafata da bai yi karo da su ba.

Ƙauyenmu yana bayan Zango, daga inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa. Inna tana yi wa mutane aikatau na ƙuli-ƙuli, su kawo gyaɗa, ta soya, ta matse mai, a ba ta abin da ya samu. Da shi muke ci, ni da ita da ƙanena. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake a bakinta. Idan na yi abin kirki, "ke". Idan na fasa tulu, "ke" ɗin dai, sai dai ta ɗan ja shi.

A bazarar bara ɗan aiken mai unguwa ya zagaya gida gida. Ya ce mutanen wata ƙungiyar coci, waɗanda suka haƙa mana rijiyar burtsatse, za su shigo gidajen matan da mazansu suka rasu, suna so su ba da kiwon awaki. Maza suka yi ta muhawara a ƙofar masallaci, wasu suna cewa da wata manufa a ƙasa. Liman ne ya kashe maganar. Ya ce tun da aka haƙa burtsatsen nan da ruwanta yake alwala, kuma bai taɓa wayar gari ya ga ya manta Fatiha ba.

Inna ta ji saƙon. Da yamma na gan ta tsaye a gaban turke tana girgiza shi da ƙafa, tana duba ko gara ta ci gindinsa. Ta taɓa gaya mini cewa gidan da babu dabba, idan yaro ya kwanta ciwo, uwa ba ta da abin da za ta kama. Na san tana son akuyar nan fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

To a garinmu kowa ya san yadda ake ba da kiwo. Mai hali zai sayi akuya ya kai gidan matar da ya yarda da hannunta, in ta haihu a raba 'ya'yan. Kuma ba ya kaiwa sai ya leƙa ya ga dabbobinta sun yi ɓul-ɓul, turke a share, akwai dusa a kwano. Ban taɓa ganin an kai kiwo gidan da ko kaza ba ta kuka ba. Na zauna na yi wannan lissafin da ƙwaƙwalwata, wadda a lokacin nake ganin duk masarautar Daura babu irinta. Ga kuma wata ƙawata a makaranta da ta rantse mini cewa irin waɗannan baƙi hoto suke ɗauka su watsa a waya. Na hango tabarmarmu mai ramin da ɗan maraƙi zai iya wucewa ta ciki, da ni a zaune a kanta, duniya tana kallo.

"Inna, haka za su zo su same mu?"

"A share gida, a ba su ruwa. Me kike so a yi?"

"Ko darduma a aro mana."

Sai ta ce in je wurin Goggo in aro darduma da kofuna da fulas ɗin shayi. Wannan ba abin kunya ba ne a wurinmu. Duk gidan da aka yi suna ko biki, rabin kayan ɗakin na maƙwabta ne, kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Goggo yayar Baba ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ma mijinta ya rasu, amma tana sayar da daddawa ranar kasuwar Zango, tana da abin hannunta daidai gwargwado, tana kuma da bakin da ko ɗan kamasho a tasha ba ya ja da ita. Da safen ranar da baƙi za su zo, Inna ta tafi kai man da ta matse, ni kuma na shiga gidan Goggo. Na ɗauki darduma na kai. Na dawo na ɗauki kofuna da fulas. Na dawo na kwashi kwanukan samira. Na cire labulen ƙofa. Na sauke agogon bango, wanda tun ina rarrafe yake nuna ƙarfe huɗu. Goggo tana zaune tana tsince kalwa, tana bina da ido.

Da na tsaya a gaban awakinta ina murza igiya, sai ta ajiye faifan.

"Har su?"

"Goggo, zuwa azahar kawai."

"To ki haɗa da ni mana, uwar iyayi. Ki jingina ni a bango, ki ce kakarku ce ta dawo daga Makka."

Na yi mata bayanin lissafina kaf. Ta saurara, ta taɓe baki, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ari akuya ba sai dai bunsuru, amma in dai don uwata ta samu ne, in kwance. Na ja su uku, suna turjewa kamar mahauci ne ya zo. Na ɗaure kowace a turkenta, na ja baya na duba aikina. Nan na ga saura abu ɗaya. Ƙasan turken fes yake, kamar tsakar masallaci. Wace akuya ce ke kwana a wuri ba ta bar shaida ba? Na koma da tsintsiya da tsohon kwano, na share kashin awakin Goggo tas, ban bar ko ƙwaya ɗaya ba, na zo na barbaza a namu kamar mai yafa iri. Har da ragowar harawa na kwaso.

Ina cikin haka Inna ta shigo. Ta tsaya cak da galan a hannu. Ban san me na zata za ta yi ba, amma ba wannan ba. Kallon awakin kawai take, ɗaya bayan ɗaya. Ta matsa, ta kama kunnen ƙaramar ta murza a hankali, yadda take yi wa nata da.

"Ke," ta ce. "Mayar mata."

Muryar ba ta da ƙarfi. Kuma kafin in motsa muka ji ƙarar mota da ihun yara a ƙofar gida.

Ni Turawa nake jira, masu jan hanci da ƙatuwar kyamara. Sai ga mata biyu sun yi sallama, mai unguwa ya tsaya a inuwar waje tunda maza ba sa shiga. Babbar ta kai sa'ar Inna ko ta ɗan girme ta, da zane da ɗankwali, da ɗan ƙaramin gicciye a wuya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaida Inna, ta yi mata ta'aziyyar Baba kamar jiya ya rasu. Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta ce ita mutuniyar wajen Malumfashi ce. Ƙaramar kuwa malamar dabbobi ce, ita ke yi musu allura.

Suka zauna a dardumar Goggo, a ƙarƙashin agogon Goggo, na zuba musu shayi a kofunan Goggo. Awakin kuwa suka juya gaba ɗaya suka fuskanci katanga, suna kwarara kuka suna jan igiya.

"Me ya same su?" in ji malamar dabbobi.

"Haka suke in sun ga baƙi," na ce. "Gaisuwa ce."

Daga nan bakina ya ɓalle. Na ce babbar akuyar ta haifi tagwaye har mun daina ƙirgawa. Na ce ta tsakiyar in aka tatse ta sai an nemo ƙwarya ta biyu. Na ce mutane daga Kongolam suke zuwa taya ƙaramar, Inna tana hanawa. Ƙanena, wanda bai shiga makaranta ba tukuna, yana tsaye yana kallona baki buɗe.

"Yaya, ai na Goggo…"

Na cusa masa ƙuli-ƙuli guda biyu a baki lokaci ɗaya. Ya yi ta fama da su har baƙi suka tafi.

Babbar matar ta yi dariya, ta juya wurin Inna. "'Yar'uwa, naki ne duka?"

Inna tana kallon bakin zanenta.

"Namu ne," na ce.

"Madalla. Allah Ya ƙara albarka, kin riƙe gida." Ta ajiye kofi. "Kin san mu abin da muka samo kaɗan ne, ba zai kai ga kowa ba. Shi ya sa muke neman waɗanda turkensu ya bushe ƙaf, mu fara da su. Irinku masu ɗan abin kamawa sai ku yi mana haƙuri."

Na buɗe baki. Inna ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ke sa kaza ta fasa shiga ɗaki. Na rufe. Ta yaya za a ce wa baƙuwa, tana zaune da shayinka a cikinta, duk abin da ta gani ƙarya ne? Inna ta raka su har zaure tana yi musu godiya. Ko wayar ba su fito da ita ba, balle hoto.

Daga gidanmu sai gidan Goggo. Na taka turmi na leƙa ta kan katanga. Abin da na gani ya sa na kusa faɗowa. Ɗakin Goggo babu labule, babu darduma, babu kwano, sai ƙusa a bango inda agogo yake. Ita kanta tana zaune a kan buhu. Tsakar gidan kuwa na share shi kamar zan lashe.

"Iya," in ji babbar matar, muryarta cike da tausayi, "ba ki da ko 'yar dabba?"

A bayan katanga awakinta suna kiranta da iyakar ƙarfinsu. In Goggo ta ce suna maƙwabta, ta tona asirin matar ƙanenta a gaban baƙi.

"Ga turken nan," ta ce. "Kina gani da idonki."

Ba a yi sati ba aka aiko da sunayen waɗanda za a ba. Akwai Goggo, babu Inna.

Kada ku tambaye ni yadda labarin ya fita. Ina zargin ƙanena, bayan ya gama da ƙuli-ƙulin. In na je burtsatse ɗiban ruwa, sai in ji "meee" daga bayan layi, in juya kowa ya yi fuskar salla. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce tana da kashin jaki in ina bukatar aro. Na yi dariya, don ni ma da wata ce ta yi, da ni zan fi kowa tsokana. Amma a gida ba a dariya. Inna ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba. Da ta ɗauki muciya ta bi ni da ita har Mashi da na fi jin daɗi. Sai dai ta zuba mini tuwo, ta ce "ke, ga shi," ta koma bakin kaskonta.

Goggo ta shigo wata rana da la'asar, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Ni na gama shawara. In karɓo, in miƙo miki ta katanga. Magana ta ƙare."

"A'a, Yaya," in ji Inna.

"A'a me? Taki ce, kowa ya sani."

"An ce za su riƙa zagayowa suna yi musu allura. An ce 'yar farin da akuyar za ta haifa, in mace ce, za a kai wa wata. Duk zuwan da za su yi sai mun sake jan akuya ta katanga? Abin da aka samo da ƙarya ba zan ɗaure shi a turken nan ba."

"To ki je ki faɗa musu gaskiya."

"In je in ce me, Yaya? In ce ni da girmana na shimfiɗa musu kayan aro na yi shiru?"

Goggo ta juyo ta harare ni. "Kin ga aikinki, shugabar masu dabara?"

Na ce zan je ni in faɗa. Goggo ta ce wa zai yarda da bakin da ya ce ana zuwa daga Kongolam taya akuyarta mai gudawa.

Ranar rabo aka taru a gindin durumin ƙofar mai gari. Mota ta zo cike da jajayen awaki, kowace da 'yar alama a kunne. Duk garin ya fito, har waɗanda ba su da ko dangi a cikin masu karɓa. Inna ta ce ba za ta je ba. Ni na je na laɓe a bayan mata. Ana kiran mace, ta fito, malamar dabbobi ta miƙa mata igiya, a yi guɗa.

Da aka kira Goggo sai wurin ya ɗauki wani irin gunaguni. Wani daga cikin samari ya ce, "A ƙara wa mai su!" Aka tuntsire. Baƙin suna ta waige-waige, ba su san abin dariyar ba. Goggo ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta tsaya, ta harɗe hannuwa a baya.

"Iya, ga taki."

"Ba zan karɓa ba."

"Subhanallahi, me ya faru? An ce miki wani abu ne a kanmu?"

"Ba a ce komai ba. Na gode, Allah Ya saka. Ba zan dai karɓa ba."

Babbar matar ta dubi mai gari, mai gari ya dubi carbinsa. Kowa a wurin ya san dalili, kuma babu wanda zai zama na farkon faɗa. Malamar dabbobi ta ce to in haka ne sai a mayar da ita mota, akwai masu jira a ƙauyen gaba. Ta fara jan igiya.

Na ce a raina yanzu ne. Na kutsa gaba, na buɗe bakin nan nawa da malamai suka gaji da shi, wanda Goggo ke cewa ko an binne ni sai ya ƙara kwana uku yana aiki. Babu abin da ya fito. Ko tari.

"Malama, dakata."

Muryar Inna ce, daga bayana. Ban san lokacin da ta zo ba. Tana sanye da tsohon mayafinta na zuwa unguwa, hannunta duk maiƙon gyaɗa. Mata suka dare mata hanya. Inna da ko a gidan suna ba a jin muryarta, ta tsaya a gaban mai gari da liman da samarin gari.

"Awakin da kika gani a gidana na Yaya ne," ta ce. "Dardumar da kika zauna a kai tata ce. Kofin ma nata ne. Ni turkena babu komai tun kafin maigidan ya rasu. Ba ni da akuya, ba ni da kaza. Ni na aro, don kada ku ga yadda muke. Yaya kuma ta yi shiru ne don ta rufa mini asiri. A yafe mini."

Ni na aro. Ko inda nake ba ta kalla ba. Duk wanda ke wurin ya san wadda ta ja awakin nan, amma babu wanda ya yi dariya yanzu. Na so a ce an yi, da na samu inda zan ɓoye fuskata.

Babbar matar ta matso ta kama hannun Inna mai maiƙon nan da hannuwanta biyu, ta yi ƙasa da murya, amma ina kusa, na ji.

"Ni ya kamata in nemi gafara, 'yar'uwa. A ƙauye aka haife ni. Ranar da za a zo ganin yayata, da kaina na je aron kujeru. Ya kamata in gane. Kashin ne ya ruɗe ni."

Goggo ta ce, "Ai ba ke kaɗai ba, ni ma da na leƙa sai da na yi zaton nasu ne."

Aka yi 'yar dariya ta sauƙi. Inna ba ta yi ba. Aka miƙa mata igiya, ta karɓa, ta durƙusa ta yi godiya. Ba a yi guɗa ba, ina jin matan sun rasa ko ya dace. Ta juyo ta danƙa mini igiyar ba tare da ta dube ni ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kama hanyar gida da sauri, ta bayan gari.

Ni kuwa akuyar ta ƙi bin bayan gari. Ta ƙi bin ko'ina. Ta kafe ƙafafu huɗu a rairayi, ina ja tana ja, har sai da muka ratsa tsakiyar gari, ta gaban masu shayi, ta gaban burtsatse, tana kuka kamar ana yanka ta. Babu wanda ya ce "meee". Tsohuwar nan mai kashin jaki ma cewa ta yi, "Sannu, 'yan mata, Allah Ya sa albarka," ta kau da kai.

Na ɗaure ta a turken tsakiya. Inna tana ɗaki, ta saki tsohon zanen da muke labule da shi. Na zauna a kan turmi ina jira, ban san me nake jira ba. Na shirya maganganu kala-kala na ban haƙuri, duk na ji ba su da daɗin faɗa. Ƙanena ya tsuguna a gaban akuyar yana tambayarta ko ita ma ta Goggo ce.

Sai da rana ta yi sanyi Inna ta fito. Idonta ya kumbura. Ta jiƙa dusa a kwano ta ajiye, ta tsaya tana kallo akuyar tana ci. Ta kai hannu ta murza kunnen, wanda babu alamar. Bayan nan ta yi wata da watanni ba ta leƙa taron mata ba, ko suna ko biki sai dai ta aike ni da gudummawa, amma wannan daga baya ne. A lokacin dai akuyar ta ɗaga wutsiya ta zubo shaidarta a ƙasa, ƙwaya ƙwaya.

"Inna," na ce, "don Allah…"

"Ke," ta ce, ba ta ja shi ba. "Ɗauko tsintsiya. Wannan namu ne."